Tambaya da Amsa: Ta ina ake fara kafa rumbun bayanan kasuwanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a sari, shago biyu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sito ɗaya a Kakuri. Lissafinmu rabi a littafi, rabi a Excel, kuma ba sa yin daidai. Ina so in mayar da komai cikin rumbun bayanai na kwamfuta. Ta ina zan fara?
Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar sayen manhaja, fara da biro da takarda tukuna. Zaunar da mai kula da sito, da yaran shago, da mai rubuta bashi, kowa ya faɗi abin da yake yi tun daga sauke kaya daga mota har kuɗi su shiga banki. Sannan ka rubuta tambayoyin da kake so a amsa maka kullum da yamma: me ya saura a sito, wa muke bi bashi, nawa aka sayar hannu da hannu, nawa ta POS. Su za su nuna jadawalin da ake buƙata: na kaya, na abokan ciniki, na masu kawo kaya, na ciniki, na biyan bashi.

Gyaran tsohon lissafi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan aiki ya fi lalacewa. Kowane kaya ya samu lamba ɗaya da ma'auni ɗaya. Idan sito yana ƙirga taliya da katan, shago yana sayarwa da ƙwaya, dole a rubuta ƙwaya nawa ke cikin katan, in ba haka ba za ka riƙa zargin yara da satar da ba su yi ba. Haka sunaye: Muhammad, Mohammed da Muh'd, mutum uku ne a wurin kwamfuta, sai bashin mutum ɗaya ya rabu gida uku. A ba kowane abokin ciniki lambarsa, a haɗa da ta wayarsa. A kula, Excel yakan cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803, sai an ajiye lambar a matsayin rubutu.

Ka kuma jaddada wa mai haɗa manhajar cewa kowane ciniki ya riƙe farashin ranar da aka yi shi. In ba haka ba, ranar da sukari ya tashi, rasitan bara ma su tashi.

Sai a zo kan manhaja. Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, ya ishi shago ɗaya, amma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2. Wuri uku irin naka, PostgreSQL ko MySQL sun fi dacewa, kuma ana samunsu kyauta. Aikin haɗawa za ka biya. Tambayi mai aikin tun yanzu: in sabis ya ɗauke, shago zai ci gaba da ciniki? Ku rubuta a yarjejeniya cewa bayanan naka ne, kalmomin sirri suna hannunka. Tanadi sola ko batir saboda ɗaukewar wuta, da kwafin bayanai kullum, ɗaya a wajen kasuwa saboda gobara. Yaron shago kada ya iya goge rasit, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora maka amanar bayanan abokan cinikinka.

A ƙirga kaya kaf ana gobe za a fara. A soma da shago ɗaya, littafi da kwamfuta tare na wata guda, kuma kada a zaɓi azumi ko jajibirin Sallah.