Amsa ga ƴar uwa mai tambaya kan bidiyo da yaro mai otizim

Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kin ce ɗanki mai shekara huɗu yana da otizim (lalurar da ke wahalar wa yaro da magana da mu'amala da mutane), da an ce ya bar wasa ya zo wanka ko a tafi lakwal, wato makaranta, sai kuka da birgima, kuma an ba ki shawarar nuna masa bidiyon abin da za a yi kafin a yi shi, amma kina tsoron waya ta ƙara ɓata shi. Nawa ɗan mai otizim ya kai shekara bakwai yanzu, nan Damagaram muke, kuma hanyar ta yi mana amfani.

Don Allah kar ki yarda da masu cewa taurin kai ne ko sangarta. Yaron bai san abin da zai biyo baya ba, shi ne ke firgita shi. Kafin ya gama fahimtar "tashi mu tafi", an riga an kama hannunsa. Da yawa daga cikin yara masu otizim sun fi gane abin da suka gani da ido a kan abin da aka faɗa musu. Tun 2000 wata malamar jami'a a Kaliforniya, Laura Schreibman, da abokan aikinta suka gwada nuna wa yara uku bidiyon inda za a je kafin a tashi, rigimarsu ta ragu ƙwarai.

Ba sai kin sauko da komai daga intanet ba, na gidanku ya fi. Na riƙe waya daidai tsawon idonsa, na ɗauko hanyar kamar shi ke tafiya: kwandon da yake zuba kayan wasa, takalminsa a bakin ƙofa, zaure, sai mai kabu-kabun da ke kai shi, har ƙofar lakwal. Bai kai minti ɗaya ba. Babu kiɗa, babu surutu, muryata kawai: "Wasa ya ƙare. Takalmi. Lakwal." Na wanka kuwa bokiti da soso da sabulu da tawul kawai na ɗauka, ban ɗauki jikin yaro ba, kuma ke ma kar ki ɗauka. A ƙarshen kowane bidiyo ki sa abin da yake so, mu kunun gyaɗa ne.

Ki nuna masa kafin lokacin ya yi, yana cikin natsuwa. In ya riga ya fara kuka, bidiyo ba zai yi komai ba, ki bari ya huce.

Tsoronki game da waya gaskiya ne, domin karɓe ta ma wata rigima ce. Wayar ta tsaya a hannunki, ya kalla sau ɗaya, ki sa ta a jaka, ku tashi nan take. Kar ki taɓa nuna masa katun a wannan lokacin.

Ki fara da abu guda, wanda ya fi wahala, sai ya zauna sannan ki ƙara wani. Mu sai da muka yi makonni kafin mu ga sauyi. Ki tura wa babansa da kakarsa da malamarsa bidiyon, kowa ya riƙa faɗin kalmomi iri ɗaya. Ni na wanke hotuna huɗu daga ciki na liƙa a kwali saboda ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu, kuma yanzu kwalin kaɗai yake dubawa ya tashi da kansa.

In kuwa yana buga kansa da bango ko yana cizon hannunsa har ya ji ciwo, ki koma wajen likitansa, wannan ya fi ƙarfin bidiyo. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya mana su.