Ki haɗa shi da waɗanda suka taɓa fama da ciwon

'Yar'uwa, kin ce an sallamo ƙanenki daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano bayan ciwon damuwa mai tsanani, ya daina fita, an ba ki shawarar haɗa shi da waɗanda suka taɓa fama da irin ciwon, ke kuma kina tsoron kada su ƙara dagula masa lissafi. Allah ya ba shi lafiya.

Ki haɗa shi. Akwai maganar da ba zai faɗa miki ba: cewa maganin na kashe masa jiki har ya makara sallar asuba, ko yana jin nauyin zama a majalisar ƙofar gida don an san inda ya kwanta. Wanda ya sha wannan wuya zai ce masa, "Ni ma haka na yi, ka gaya wa likita ya duba maganin, kada ka daina sha." Daga bakinsa maganar ta fi shiga.

Ranar komawa asibiti ki tambayi ma'aikatan jinya ko akwai zaman da masu irin wannan ciwo ke yi tare. In babu, mutum ɗaya mai riƙon sirri da ya samu sauƙi ya isa. Amma duk wanda ya ce wa ƙanenki ya ajiye magani, ki raba su.

In kuwa ƙanenki ya fara zancen kashe kansa ko yana rabar da kayansa, wannan ya wuce aikin aboki. Ki kawar da fiya-fiya da magunguna daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a mayar da shi asibiti a ranar, ko a kira lambar agajin gaggawa ta 112.