Saiwa Ta Leƙo Ta Gindin Tukunya

Tambaya: Anti, aloberata ta cika tukunya, har saiwa ta leƙo ta ƙasa. In mayar da ita babban bokiti?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kar ki kai ta bokiti. Ƙasa mai yawa tana riƙe ruwa, sai saiwar ta ruɓe. Haka na rasa tawa ta farko, ganyen ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, har yau abin yana min ciwo.

Nemi tukunyar ƙasa mai huda a gindi, wadda ta fi tsohuwar faɗi da santimita 3 zuwa 5 kacal. Ki gauraya ƙasar da yashi. Ki kifa tsohuwar a tafin hannu, ki bubbuga gindinta, shukar za ta zamo. 'Ya'yan da suka tsiro a gefe ki dasa su daban. Ruwa kuwa, sai bayan mako guda.