Harawar kan rumfa ta saniya mai ciki ce

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka ce ka sayo sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ɗaure shi a gida saboda Babbar Sallah, amma mahaifinka ya hana a sauko masa da harawar kan rumfa, ya ce ta saniya mai ciki ce. Kana son sanin ko wannan riƙon tsofaffi ne kawai. Yana da dalili, kuma ina bayan ɗan'uwana a kai.

Yanzu hunturu ne, dabba ba ta shiga wahala ba tukuna. Gonakin Gumel akwai sauran kara da ganyen da ya zube, ga ƙowar wake a kowane gida. Lokacin da ake tsoro shi ne bazara, daga Maris zuwa saukar ruwan farko, sa'ad da daji ke komawa fili fetal, shanu su riƙa cin leda da tsumma don yunwa. Shi ya sa iyayenmu suka tsara abincin rani daki-daki: a fara da kara, a bi da ƙowa da dusa, harawar wake da ta gyaɗa su zo ƙarshe. Wanda ya buɗe harawarsa a Disamba zai saye ta a Afrilu da tsadar da ba zai manta ba.

Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, kuma a wata ukun ƙarshe ne ɗan ke yin yawancin girmansa. Ta gidanku za ta haihu dab da damina, ka ga nauyinta zai faɗo daidai lokacin da babu komai a ƙasa. Kara yana cika tumbi amma ba ya gina jiki. Idan shi kaɗai ta dogara da shi, daga naman jikinta za ta ciyar da abin da ke cikinta. Za ka ga ƙashin ƙugu ya fito, wata rana ta kwanta sai an taru an ɗaga ta. Ko ta haihu lafiya, dakashi ba zai wadata ba, maraƙin ya zo ba ƙwari, ita kuma ta daɗe ba ta sake karɓar bijimi ba. Ramar sa ana mayar da ita da dusa cikin 'yan makonni, amma ramar mai ciki tana iya cinye maka shekara guda ta haihuwa. Abin yana ci mini rai idan na ga an bar uwar garke da busasshen kara, alhali na turke yana ture harawa da hanci.

Sanka kuma ba a ce a bar shi da yunwa ba. Kiwon turke wata uku zuwa huɗu ne, kuma kasuwanci ne, don haka daga aljihunka za ka ciyar da shi. Ka sayi dusar masara ko ta alkama da angurya, ka fara da kaɗan kana ƙarawa, don dusa mai yawa rana ɗaya tana kumbura ciki. Karan dawa ya fi na gero, amma a daddatsa shi ƙanana a yayyafa ruwan kanwa ko gishiri. Idan ka zube shi dogo-dogo, ganyen zai tsince ya tattake sauran. Ka sa yara su tsinto 'ya'yan gawo da sassafe kafin awaki su riga su. Gawo ne itacen da ke yin ganye da rani, shi ya sa kakanka bai taɓa yarda a sare na gonar gabas ba.

Ruwa kada a yi wasa da shi. Babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 40 idan zafi ya kama. Kuma ka gargaɗi mai kora su kada ya kusantar da su gyauron dawa, ɗanyen tohon nan yana kashe dabba nan take. Idan an kai su fadama, a nemi malamin dabbobi ya ba su maganin ciwon hanta, a kuma gaya masa wadda ke da ciki kafin ya ɗura mata komai.

Idan kana son harawarka ta kanka, baɗi ka shuka wake a tsakanin gero, ka yanke tun ganyen yana kore, ka nannaɗe, ta bushe sosai kafin ta hau rumfa don kada ta yi fumfuna. Na bana kuwa, ka je wurin mahaifinka cikin ladabi ku ƙirga damman da ke sama. Ku ware abin da zai kai saniyar har ciyawa ta fito, ku ƙara na sati biyu ko uku saboda ruwa yakan yi jinkiri. In an sami rara, ni zan roƙe shi ya ba ka. Ka gaida mutanen gida.