Filin Amsoshinku: Me ya sa fatna na ya yi fushi da na kira 2♥?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara koyon biriji ba, wasan kartar nan na mutum huɗu, biyu-biyu. Na samu wannan hannun: ♠5 ♥AQ84 ♦K73 ♣KJ962. Na buɗe da 1♣, fatna na ya ce 1♠, ni kuma na ga ai ina da hat guda 4 masu kyau sai na ce 2♥. Shi kuma da maki 9 kacal ya kai mu 3NT (NT wato babu kalar da ke yanka) muka faɗi, kuma wai ni ne mai laifi, wai na yi ribas da hannun da bai kai ba. Don Allah meye ribas ɗin nan, kuma me ya kamata in ce?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi haƙuri amma fatnan naka yana da gaskiya. Ribas shi ne ka buɗe da kala ɗaya sannan a kira na biyu ka ambaci wata kala wadda ta fi ta farkon daraja a mataki na 2, ka san jerin daga ƙasa kulob (♣) ne, sai daimon (♦), sai hat (♥), sai sifed (♠). Kenan 1♣-1♠-2♥ ribas ne, 1♣-1♥-2♦ ma haka. Amma 1♣-1♥-1♠ ba ribas ba ne tunda kana mataki na 1, haka 1♥-1♠-2♣ shi ma ba shi ba ne don fatna zai iya komawa 2♥ ba tare da an hau sama ba.

Toh nan ne matsalar take. Mutumin da ya amsa maka da 1♠ zai iya kasancewa da maki 6 ne kawai, idan ka ce 2♥ kuma shi kulob ɗinka ya fi so, ba shi da hanyar komawa sai 3♣, wato sai kun ci 9 cikin 13. Yanzu lissafa naka, As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, ka ga 13 gare ka, a haɗa da 6 nasa ya zama 19, ko rabin maki 40 da ke cikin kartar ba ku riƙe ba amma kun hau mataki na 3. Shi ya sa aka ce wanda zai yi ribas ya zo da ƙarfin da zai biya kuɗin hawan, yawanci 17 zuwa sama a tsarin Amurka, masu tsarin Acol na Ingila kuma kusan 16. Fatnanka ya ji 2♥ ya haɗa 17 da 9 ya samu 26, gem kuma, wato kira mai babban lada irin 3NT, wajen 25 yake buƙata, wallahi ko ni ne 3NT zan kai mu.

Da Sarkin daimon ɗinka As ne, kulob ɗin kuma AQJ96, ka ga 17 kenan cif, sai ka yi ribas ɗinka hankali kwance. Kuma ba ƙarfi kaɗai yake nunawa ba, yana cewa kalar farko ta fi ta biyu tsawo, 5 da 4, ko 6 da 4, ko 6 da 5. In biyar-biyar ne babbar ake fara buɗewa.

Da hannunka na ranar, 2♣ kawai za ka ce. Wasu za su ce 1NT duk da sifed ɗaya tal gare ka, ni dai ba na so, don fatna mai sifed 5 zai iya komawa 2♠ yana zaton kana da biyu. Kar ka ji tsoron wai hat ɗin za ta ɓace, ai da yana da hat 4 da sifed 4 da 1♥ zai fara cewa, in kuma sifed 5 da hat 4 gare shi kuma da ɗan ƙarfi shi da kansa zai kawo 2♥ bayan 2♣ ɗinka. Maki 16 ma in dai kati ɗaya gare ni a kalar fatna ba na gaggawar ribas, in 3 gare ni a kalarsa kuwa ina yi ba shakka.

TAMBAYA: Malam idan fatna ya yi min ribas ni kuma hannuna ba komai, maki 6, zan iya cewa fas?

AMSA: A'a fa. Ribas tilas ne na zagaye ɗaya, wato dole ka sake kira, saboda mai buɗewa zai iya riƙe 20 ko 21, ka yi fas ku rasa gem a banza. Abin da ake buƙata shi ne hanyar cewa “ni fa talaka ne, mu tsaya da wuri”, kuma da yawa suna amfani da 2NT don wannan, wasu na kiran sa Ingberman wasu lebensohl. Misali 1♦-1♠-2♥, ka ce 2NT, wannan ba tayin buga NT ba ne, umarni ne fatna ya ce 3♣, sai kai kuma ka gyara zuwa 3♦ ko 3♥ shikenan a tsaya. Amfaninsa shi ne duk lokacin da ka ce 3♦ kai tsaye ba ka bi ta 2NT ba, fatna ya san kana da 8 ko fiye kuma sai an kai gem, har a samu filin duba silam, wato cin 12 ko duka 13. In sifed ɗinka 5 ne ka maimaita 2♠, a wajen mafi yawan masu wannan tsarin shi ma tilas ne na zagaye ɗaya. Mai buɗewa kuma in hannunsa ya yi ƙarfin da ko da 6 ɗinka gem zai shiga, kar ya ce 3♣ ɗin, ya kira wani abu daban don kar ka yi fas a kai.

Sai dai ku zauna da fatna kafin wasa ku daidaita abu ɗaya, idan amsar farko a mataki na 2 ta zo, kamar 1♥-2♣-2♠. A tsohon tsari wannan ribas ne mai ƙarin ƙarfi kuma sai gem, amma cikin masu buga tsarin 2/1, inda irin wannan amsar ke tilasta gem, akwai waɗanda suka ce tunda 2♣ ta riga ta tilasta gem, 2♠ siffar hannu kawai take nunawa ko da maki 12 ne. Ni na fi son ta ci gaba da nuna ƙari, don ta haka fatna zai san ko ya nemi silam ko ya tsaya a gem.