Kaset ɗin pachinko: a ajiye ko a rabu da su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina tara tsofaffin wasannin bidiyo na Japan, kuma duk sanda na sayi kaya a dunƙule sai na tarar da na pachinko a ciki. In na kunna, ƙwallaye kawai ke zubowa. Me ake nema a cikinsu?

Amsa: Barka dai, ɗan'uwa. Pachinko na'ura ce a tsaye, cike da ƙusoshi. Mutum ya murɗa mariƙi, ƙananan ƙwallayen ƙarfe su yi sama, su gangaro ta tsakanin ƙusoshin. Wadda ta faɗa ramin da ake so sai ta jawo wasu. Dokar Japan ta hana cacar kuɗi a shagunan pachinko, shi ya sa ake musanya ƙwallayen da kyauta, a je wani ɗan shago a kusa a sayar da kyautar. Caca ce dai da aka yi wa lulluɓi. A kaset kam ba a zuba ko sisi.

Kaset ɗin iri biyu ne. Akwai masu labari, kamar jerin Pachio-kun na kamfanin Coconuts Japan, wanda ya fara a Famicom, na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, a 1987, har aka ƙera masa mariƙin murɗawa na musamman. Akwai kuma waɗanda suka kwaikwayi na'urorin gaskiya na kamfanoni irin su Sankyo da Heiwa da Sanyo, a zamanin Super Famicom da PlayStation. 'Yan pachinko ne ke sayen waɗannan, su yi atisaye a gida, su karkata ƙusoshi su ga yadda ƙwallo zai bi, kafin su je su yi asarar albashi.

Darajarsu tana wajen iri na biyun. Na'urar pachinko ba ta daɗewa a shago: izininta na 'yan shekaru ne, kuma da sabon yayi ya shigo ake kwashe ta, yawanci a farfasa. Saboda haka na'urori da dama na shekarun 1990, da kiɗansu da zanensu da lissafin sa'arsu, a cikin kaset kaɗai za ka taɓa su yau. Wannan ne ke jan masu tarawa. Wasu kuma cika jeri kawai suke yi.

In daɗin wasa kake so, yawancinsu za su gundure ka, gaskiya. Na keɓe Pachipara na kamfanin Irem a PlayStation 2, mai labarin yawo cikin gari, amma sai kana karanta Japananci.

Kada ka ajiye su da niyyar riba. An buga su da yawa, kuma a shagunan gwanjo irin su Hard Off cikin kwandon tarkace ake zuba su. Abin da ke wahalar samu shi ne mariƙin nan na Pachio-kun, ko kaset mai kwali da takardarsa. Ka kuma duba batirin ciki na masu adana wasa, domin bayan shekara talatin da yawa sun mutu.