Tambayi Likita: Naman maraina da aka daskarar zai iya sa a haihu?

Tambaya: Salam likita. Ɗana mai shekara 9 yana da sikila, muna shirin dashen ɓargo a ƙasar waje, sai likitocin suka ce maganin da za su ba shi kafin dashen zai iya hana shi haihuwa, wai gara a yanki ɗan naman maraina a ajiye a sanyi har ya girma. Ni dai abin ya ɗaure min kai, sanyin ba zai kashe naman ba? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya suka faɗa miki, maganin nan da ake kira kemo yana kashe ƙwayoyin da ke zama maniyyi, kuma yaron da bai balaga ba ba shi da maniyyin da za a ajiye, shi ya sa ake ɗiban naman.

Sanyin iri biyu ne fa. Akwai na firji, digiri 4, wannan na hanya ne kawai daga tiyata zuwa lab, naman yana jure kwana ɗaya haka ba wata ɓarna sosai amma in aka ja lokaci ƙwayoyin sai su fara mutuwa. Ajiyar shekaru kuma a ruwan naitirojin ake yi, digiri 196 ƙasa da sifili, bayan an jiƙa naman da wani sinadari mai hana ƙanƙara tsaga ƙwayoyin, don ƙanƙarar ce mai ɓarnar. Firizar gida kam ko kusa.

To yana aiki? A dabbobi eh. A 2019 masana a jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun ba da rahoton wata biranya mai suna Grady da aka haifa da maniyyin irin wannan nama, bayan an narkar an dasa wa uban a ƙarƙashin fata. A 2022 kuma ƙwayoyin ɓera da suka haura shekara 20 a daskare sun yi maniyyi, sai dai bai kai yawan na sababbi ba. A mutum har yanzu matakin gwaji ake, kada kowa ya yi muku alƙawarin jikoki.

Ni a ganina ku amince, naman ɗan kaɗan ne. Amma ki tambaye su kuɗin ajiya duk shekara da wanda zai biya, kuma kada wannan ya jinkirta dashen ɓargon.